Murhu Mai Cin Gawayi da Ya Kai Ni Ikko

Tun ran da na dawo ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na gangara bakin kogi sayen kifi masunta su ajiye koma su kewaye ni. "Ɗanjuma, da gaske ka ga teku? Da gaske a Ikko ƙarfe gudu yake yi kamar kunu?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, na kuma lura kullum sai ya ƙara tsawo, ni kuma ina ƙara zama gwarzo a cikinsa. Shekaranjiya na ji wani yana faɗa a kasuwa wai Bature ya cire mini hula don girmamawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin yadda ya faru, tun ban fara yarda da ƙaryar kaina ba. Lallai an cire hula a Ikko, amma tawa ce, kuma ba don girmamawa ba.

Mu maƙera ne tun kakanni, a nan Haɗejiya. Babanmu ya yi narkar tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, amma ina ɗan ƙarami ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, ya bar murhunsa ruwa ya rushe shi. Yayana Mamman ya girme ni da shekara goma sha biyu, ya yi wa Baba zuga da hannunsa. Ni ban tashi na ga komai ba sai tudun toka da awaki ke kwanciya a kai.

Da yaƙin nan na Turawa ya yi tsanani, ƙarfe ya ɓace ɓat. Manoman shinkafa na Auyo suka riƙa zuwa da laujunan da wasawa ta cinye, ba mu da abin da za mu ƙera musu sababbi. Sarkin Maƙera ya tara mu ya ce duk gidan da ya san tama ya tayar da murhu. Ni da Yaya muka gina ɗaya a wani tudu bayan gari, ta wajen fadama.

A nan rigima ta fara. Tama ta fara isowa a kan jakuna, na ce mu hura. Yaya ya ce a jira. Aka ƙara kawo wata, na ce to yanzu fa? Ya ce a jira sai ta taru duka. Bai gaya mini dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, domin na riga na yanke cewa nawa ce irin tasa da son nuna shi ne babba. Na gaya masa haka a gaban mutane, na ƙara da cewa kafin ya gama jira zan cika Auyo da lauje. Na matsa gefe na gina nawa murhun, taku arba'in daga nasa. Muka daina gaisawa, sai dai ta bakin matanmu.

Narkar tama ba ta yiwuwa sai da gawayin ƙirya, shi ne ke riƙe wuta. Ƙirya kuwa yanzu ba a sare ta yadda aka ga dama. Malamin daji ya kai mu daji wajen garin Baturiya ya shafa wa wasu itatuwa jan fenti, ya ce su ke nan rabon gidanmu na bana. Muka ƙona, muka raba gawayin biyu, kowa ya yi rumfarsa.

Sau huɗu na hura murhuna a bazarar nan. Kowane karo sai ya lashe gawayi kamar an ɗora masa yunwar shekara, mu yi ta zuga daga hantsi har hannu ya mutu, da ni da mutum biyun da suka biyo ni, a ƙarshe mu ciro ɗan dunƙulen ƙarfe bai wuce kan akuya ba. Kafin ruwan farko ya sauka fiye da rabin gawayina ya tafi, laujen da na ƙera kuwa ba su isa unguwa guda ba. Ga shi na yi wa mutanen Auyo alkawari kafin shinkafa ta nuna. In na gaza, sunana ya mutu a sana'ar ubana, abin da ya rage sai in je tashar Malam Madori dakon buhunan gyaɗa. Abin ya dame ni ƙwarai, ko tuwo ba na jin daɗinsa.

Ana haka Garba ɗan kawuna ya zo ganin gida. Lebura ne a wurin zubin ƙarfe na ma'aikatar jirgin ƙasa a Ikko. Ya ce nasu murhun narkar da ƙarfe yake yi ya zama ruwa, kuma abin wutar da suke zuba masa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da ƙarfen da ke fita. Ina jin haka na ce a raina asiri ne. Mu a sana'armu kowa ya san wuta ba ta yin biyayya haka kawai, sai in akwai abin da aka ba ta. Garba ya koma, bayan mako biyu na sayar da ragona na bi shi. Na gaya wa mai ɗakina zan je in kawo abin da zai sa Yaya ya zo da kansa ya durƙusa.

Na yi guzurin kwando guda na bandar tarwaɗa, don in kai wa mai asirin gaisuwa. Jaki ya kai ni Malam Madori. Ban taɓa shiga jirgi ba, amma na zauna na harɗe ƙafa kamar da shi aka yi mini goyo. Da ya tashi sai na ce bari in leƙa in ga yadda mai injin ke sarrafa wutarsa, tunda ni ma na gida ne. Ina fitar da kai ta taga, tartsatsi ya faɗa mini a ido. Ni da na girma cikin tartsatsi, ni ne na riƙa tsalle a tarago ina neman agaji. Wata tsohuwa Babarbariya da ta shigo daga Nguru ta kama kunnuwana biyu, ta buɗe idon, ta sa harshe ta lashe baƙin ta tofar.

"Ɗana, mece ce sana'arka?" in ji ta.

"Noma, Iya," na ce.

A Kano muka sake jirgi. Na sami wuri kusa da wani falke mai fataucin goro, Malam Sule, wanda ya san hanyar nan kamar tsakar gidansa. Shi ne ya fara gaya mini, cikin ladabi, cewa kwandona ya fara magana. Banda a Haɗejiya tana wata uku lafiya lau, amma tun daga Kaduna iska ta yi laima, kifin ya fara saki. Muka buɗe, muka ware waɗanda suka fara lalacewa muka jefar, waɗanda ke kan hanya muka cinye, muka ba maƙwabta. Kowace tasha gaisuwar mai asiri tana raguwa. Fasinjoji suka sa mini suna Sarkin Ruwa, na kuma amsa, don ya fi Mai Wari daɗin ji.

Da yake ciki ya cika, baki ya buɗe. Na yi ta ba Malam Sule labarin koginmu, yadda yake cika ya shafe fadama, yadda ba a tsallake shi sai da mai fito. Yana ta gyaɗa kai yana ɓare goronsa. Da muka hau gadar Jebba sai ya taɓa ni ya nuna taga. Na duba ƙasa, na duba gaba, jirgi yana ta tafiya ruwan bai ƙare ba.

"Naku ya kai wannan?" in ji shi.

"Namu ya fi kifi," na ce, ban kuma sake zancen kogi ba har muka rabu.

Bayan mun wuce Ilori da ɗan nisa ya ce mini to, Arewa ta ƙare, mun shiga ƙasar Kudu. Na leƙa, a hankali wannan karon, ina neman ganuwa ko ƙofa ko dogari. Babu ko ɗaya. Abin da ya nuna mini iyaka shi ne matan da ke talla a tasha sun daina gane maganata. Na nuna wani abu fari naɗe a ganye, na buɗe na ga koko ne aka bari ya daskare ake yanka shi. Miyar da aka haɗa mini da shi ja wur da manja, barkononta kuwa ya sa idon da ya warke ya koma zubar da hawaye. Mutane suna tambayata yadda dajin Kudu yake. Gaskiya ban ga daji ba, gawayi na gani a tsaye. Itatuwa ne manya-manya har ido ya gaji, babu jan fenti a jikin ko ɗaya, na yi ta auna su da buhu a zuciyata har raina ya ɓaci.

Garba ya tarbe ni a tasha ya kai ni masaukinsa, wani ɗan ɗaki a bayan unguwar Hausawa da suke kwana su biyar. Ruwan sama a can ba ya sallama ba ya bankwana. Rigar da na wanke ran da na isa ba ta bushe ba sai da na sa ta a jikina. Mata su ke riƙe da kasuwa, kuma in suna ciniki sai ka rantse faɗa suke yi. Na taɓa tsayawa zan raba wasu biyu, ashe gaisawa suke. Gaisuwar mazansu ma abin kallo ce, saurayi ya ga dattijo ya kwanta rub da ciki a kan hanya ko da taɓo. Mu da muke ganin durƙusonmu ya kai maƙura, a can sai a ce ba mu da tarbiyya. Teku kuwa na gan shi sau ɗaya, na ɗanɗana, na tofar. Kifinsa ƙato ne amma lami.

Saboda yaƙi hannu ya yi ƙaranci, Garba bai sha wuya ba ya sa aka ɗauke ni leburan kwana-kwana, mai kwasar tsofaffin ƙarafa. Heluman wurin, wato shugaban leburori, wani dattijo ne Bayarabe, Baba Salami, gajere mai furfura, da tabon ƙuna a damtse irin wanda duk maƙeri ya sani. Ya yi shekaru yana aiki a Kano, Hausa a bakinsa tas. Na kai masa abin da ya tsira daga kwandon, kifi uku. Ya yi godiya ya ce me ya kawo ni Ikko daga wannan nisa.

"Ganin gari, Baba," na ce.

Da muka fita Garba ya ce, "Kai, me ya hana ka gaya masa? Mutumin nan ba ya rowar magana. Ka tambaye shi kawai."

Na dube shi da tausayi. Garba gidan masunta uwarsa ta fito, bai san ƙa'ida ba. Maƙeri ba ya tambayar wani maƙeri sirrin wutarsa. In ka tambaya ka nuna gidanku babu komai, shi kuma in ya faɗa maka ya zubar da gadon ubansa. Abin da ake yi shi ne ka yi hidima, ka rufe baki, ka sata da ido. Na ce masa ya bar ni, na san abin da nake yi.

Murhun nasu dogo ne, ya yi tsawon mutum huɗu, wajensa ƙarfe cikinsa bulo. Ta sama ake ciyar da shi, ana hawa wani dandamali a zuba toyayyen kwal, a zuba ƙarafa, a sake zuba kwal, haka hawa-hawa. Inji ke yi masa zuga. A ƙasa akwai ɗan rami da aka toshe da yumɓu, in lokaci ya yi a huda, ƙarfe ya kwararo fari tas a tara a kai shi mazuban yashi. Ran da na fara gani sai na tuna ɗan kan akuyar da nake cirowa, kunya ta kama ni ni kaɗai.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina sata da ido, kuma duk abin da na gani na ba shi fassarar da ta dace da wautata. Na ga ba sa hura wuta sai Talata da Alhamis, sauran ranaku sai tara aiki da shirya mazubai, na ce wani malami ne ya zaɓa musu ranakun sa'a. Na ga kowane kwandon kwal sai an ɗora shi a sikeli, na ce rowar Turawa ce. Na ga suna lulluɓe kwal kada ruwa ya taɓa shi, suna tankaɗe garinsa su ware, na ce neman aiki ne don kada a ga suna zaune.

Sai na lura da farin dutse. Bayan kowane hawa ana watsa ɗan kaɗan daga wani tari da ke gefe, kuma Baba Salami da kansa yake tsayawa a kai, leɓɓansa suna motsi. Na ce ga shi, Allah ya kawo ni. Ran Litinin da aka tashi aiki na laɓe na cika aljihuna biyu, na cika ƙubakar wandona, sauran na zuba a hula na kifa a kai. Na nufi ƙofa ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu.

Ashe ranar ce mai gadi ya ga dama ya yi bincike, don akwai masu fita da guntayen tagulla. Tsohon soja ne, ba ya dariya. Ya shafa aljihuna ya tsaya. Ya ɗaga hulata, duwatsu suka zubo ta goshina da ƙeyata a gaban leburori sun fi hamsin. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya dube ni, ya rasa ma laifin da zai kira shi. Ya tasa ni gaba har wurin Baba Salami, Garba yana biye da mu hankalinsa a tashe, domin shi ya kawo ni, in an kore ni da sata shi ma aikinsa ya tafi. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni.

Baba Salami ya dubi duwatsun da aka zube a gabansa. "Me za ka yi da wannan?"

Na sunkuyar da kai. "Maganin wutar ne, Baba. Na ga kana yi masa tofi."

Sai dariya ta kama shi har sai da ya nemi akwati ya zauna. Ya sallami mai gadi, ya share hawaye. "Ƙirga kwanduna nake yi, ɗana, in ban motsa baki ba sai in manta. Wannan dutsen farar ƙasa ne, aikinsa ya sa kashin ƙarfe ya yi ruwa ya fita. In kana so a cika maka buhu. Zauna ka gaya mini gaskiyar abin da ya kawo ka."

Tunda mutunci ya riga ya zube, ban ga abin da zan ƙara ɓoyewa ba. Na gaya masa komai, tama, ƙirya, jan fenti, mutanen Auyo. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce sau nawa na hura. Na ce huɗu. Ya ce tsakanin kowace hurawa kwana nawa. Na ce wani lokaci mako, wani lokaci fiye, da zarar tama ta ɗan samu.

Ya tashi ya kama hannuna ya kai ni gindin murhun, ya buɗe ƙofar ƙasa ya ɗora tafina a kan bulon ciki. Sanyi ƙalau.

"Gobe da safe za ka ga tarin kwal ɗin da za mu fara zubawa," in ji shi. "Ko ƙwayar ƙarfe ba zai narkar ba. Na bangon nan ne. Sai bango ya ƙoshi da zafi tukuna ƙarfe yake samun rabonsa. Daga nan ɗan kaɗan ya isa, muddin ba ka bar shi ya huce ba. Shi ya sa muke tara aikin kwana da kwanaki mu yi shi a wuta ɗaya. Mu ma yaƙin nan ya matse mu, ba mu da kwal ɗin wasa. Kai kuwa sau huɗu ka ciyar da bango mai sanyi, da ya ƙoshi ya shirya yi maka aiki sai ka kwashe kayanka ka tafi gida."

Ya ƙara mini da wasu. Gawayi ya bushe sarai, don jiƙaƙƙe rabin ƙarfinsa a korar ruwa yake ƙarewa. A fasa shi daidai wa daida, a tankaɗe gari kada ya toshe iska. A ƙara wa murhu tsawo da kauri, zafin da ke gudu sama ya riƙa gasa tamar da ke jiran sauka. Kada a yi zugar hauka, iska in ta yi yawa gawayi kawai take ci. Amma ya ce duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, babban shi ne ka ciro ƙarfe ka sake cikawa nan take, kwana biyu ko uku wuta ba ta mutu ba.

"Baba, ku inji ke yi muku zuga," na ce. "Mu hannu ne. Mu uku ba za mu iya kwana biyu ba."

"To ka nemi hannu. Ba ka da ɗan'uwa a sana'ar?"

A tsaye nake a wurin amma kunnena yana jin muryar Yaya yana cewa a jira sai ta taru duka. Baba Salami ya dubi Garba, Garba ya dubi ƙasa. Dattijon bai ƙara tambaya ba. Washegari ya tsayar da ni kusa da sikeli tun daga farkon wuta har ƙarshenta, na ga abin da ido, yadda kwandunan farko suka tafi a banza, na baya kuwa kowane ɗaya yana fitar da ƙarfe ninkin-ba-ninkin nauyinsa.

Komowa ba ta da labari. Ban leƙa taga ba, ban yi wa kowa zancen kogi ba. Tun daga Ibadan nake shirya jawabin da zan yi wa Yaya, wanda zai sa mu haɗa murhu ba tare da na ce na yi kuskure ba. Kafin Zariya na gyara shi ya yi kyau, har ya zama kamar ni ne zan yi masa alfarma.

Da na sauka Malam Madori aka ce mini ruwan kogi ya yi ambaliya, kuma na bana ya fi na bara. Ban shiga gida ba, na wuce kai tsaye bayan gari. Hanyar da na bi da ƙafa ran tafiya ta zama sai da kwalekwale. Mai fito yana tuƙi yana ba ni labarin gonakin da ruwa ya ci, ni idona yana kan tudu. Da na gina murhuna don in yi nisa da Yaya, ta gangare na matsa. Daga nesa na hango kan rumfata kaɗai a saman ruwa, murhun kuwa ya narke ya koma taɓo. Na ce shi ke nan, sauran gawayin ya tafi. Na zauna a cikin kwalekwalen, jawabin ma ya bi ruwa.

Na sauka don in ga abin da ya rage. Sai na ji ana fasa wani abu a rumfar Yaya, can saman tudu inda ruwa bai kai ba. Na ƙarasa na tsaya a bakin rumfar. Yana zaune yana fasa tama da masaba. A bayansa buhunan gawayi ne jibge har rufi, an ɗora su a kan itace kada su taɓa ƙasa, an kuma kafa zana a tsakiya ta raba su biyu.

Na yi sallama. Wata biyar rabon da in yi masa. Ya amsa bai ɗago ba.

"Na hagun naka ne," in ji shi. "Ran da ruwa ya fara hawa na kwaso. Biyu sun jiƙe, na shanya su. Ban taɓa ko ɗaya ba."

Na lura yana zaune a karkace, hannu ɗaya a ƙugu. Daga baya matarsa ta gaya mini mutanensa suna gona ranar, shi kaɗai ya yi ta ɗauka a bayansa yana hawa tudu, ruwa har gwiwa. Nasa tarin kuma yana nan kusan yadda aka raba. Ya hura sau ɗaya, hannu ya gaza musu kafin a yi nisa, ya ga asara ce ya dakata.

Na durƙusa. "Yaya, a Ikko an nuna mini cewa gawayin farko bango ke cinye shi. Wai sai a tara aiki a yi shi a wuta ɗaya, kada a bar murhu ya huce."

Ya ajiye masaba ya dube ni a karo na farko. "Har Ikko ka je aka gaya maka wannan?"

"Har Ikko."

"Haka Baba yake yi. Kwana uku muke kwashewa muna karɓa-karɓa."

"To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba ka tambaya ba," in ji shi. "Ni ma da na yi hankali ai da na faɗa."

Na tashi na je na kama zanar nan zan cire, ashe ya ɗaure ta da kyau, na yi ta kokawa da igiya kamar wawa. Ya bar ni na sha wuya, sannan ya miƙo mini wuƙarsa.

Da ruwa ya ja muka ƙara wa murhunsa tsawo da kauri, mu bakwai muka yi kwana uku muna karɓar zuga. Mutanen Auyo sun yanke shinkafarsu da laujenmu, gawayi har ya yi saura. Masu tambayata abin da na kawo daga Ikko, ban kawo komai ba, ko buhun dutsen ma na ji kunyar karɓa. Ragona ne dai ya tafi, Yaya kuma har yau in zai tashi daga zaune sai ya dafa bango.